Rana Ba Ta Ƙarya: Raddi ga Masu Neman Ƙarin Lokaci a Wasan Jiragen Ruwa

Daga Urafan zuwa bakin teku mafi kusa tafiya ce ta kusan kilomita dubu. Yaron da aka haifa a wannan yanki, tsakanin ƙasar Tasawa da ta Mayahi, babban ruwan da ya sani shi ne tabkin da damina ke cikawa rani ya shanye. Gulbin Kaba kansa sunan gulbi ne ya riƙe, amma yawancin shekara rairayi ne da itatuwan goriba. Duk da haka, malamin da ya taɓa buɗe shafukan baya na kayen ɗan kolej ya san akwai yaƙin teku da ake gwabzawa a can, da bik da layukan takarda. Shi ne wasan da makarantar boko ta kawo da sunansa na Faransanci, bataille navale, wato yaƙin jiragen ruwa.

Dokarsa ba ta da wuya. Kowane ɗan wasa yana zana fili mai gida goma a tsaye, goma a kwance, gida ɗari ke nan. Sai ya ɓoye jirage biyar a ciki: mai gida 5, mai gida 4, biyu masu gida 3, da ƙarami mai gida 2. Jimla gida 17. Abokin karawa ba ya ganin takardar, sai dai ya kira harafi da lamba, a ba shi amsa: ruwa, ko an taɓa, ko ya nutse. Wanda ya riga nutsar da rundunar ɗan'uwansa shi ya ci. Da yake lokacin shan iska gajere ne, sau da yawa akan yi yarjejeniya tun farko cewa in ƙararrawa ta kaɗa, ko in kowa ya yi harbi kaza, a tsaya a ƙirga. Wanda ya fi taɓa gidaje shi ke da nasara.

A daidai wannan gaɓar ce rigima ke tashi. Wanda aka rinjaya sai ya ce a ci gaba bayan ƙararrawa. Ko ya ce a ƙara masa harbi goma. Ko kuma, in an nutsar da jiragensa duka, ya ce ai akwai na shida da ya manta bai zana ba. Wannan halin yara ne, kuma ba abin mamaki ba ne ga yaro. Abin mamaki shi ne yadda wasu manya, cikin malamai da shugabannin ƙungiyoyin matasa, suke goya masa baya. Suna cewa wasa ne kawai, a bar yara su more. Wai iyakar lokaci takura ce, wai kada a karya wa yaro gwiwa da kaye. Magana ce mai daɗin ji, amma kuskure ce, kuma kuskuren nata ba ya tsayawa a bayan kaye.

Abin da lissafi ya nuna

Kafin a je ga tarbiyya, a fara da ƙidaya. Gida ɗari ne, 17 na ɗauke da jirgi. Wanda aka ba harbi ɗari, ko idonsa a rufe yake, tilas ya nutsar da komai, domin babu gidan da zai rage. Wanda yake harbi kara-zube, babu tunani ko kaɗan, lissafi ya nuna yana bukatar harbi kimanin 95 kafin ya gama. Amma ɗalibin da ya tsaya ya yi nazari zai lura cewa jirgi mafi ƙanƙanta gida biyu yake ci. Saboda haka in ya riƙa harbin gida ɗaya yana tsallake ɗaya, a jere a jere kamar saƙar tabarma, gida 50 kacal sun isa ya gano kowane jirgi, domin babu jirgin da zai iya kwanciya ba tare da ya hau ɗaya daga cikinsu ba. In kuma ya taɓa, sai ya bincika gidaje huɗu na kewaye maimakon ya yi tsalle zuwa wata kusurwa. In ƙaramin jirgin ya nutse, sai ya buɗa taku, ya riƙa tsallake biyu.

To, mene ne ya raba wannan ɗalibi da mai harbin makaho? Iyaka ce kawai. In an ce harbi hamsin, mai tunani zai bayyana, mai kasala ma zai bayyana. In an cire iyakar, su biyun duka za su kai ga ƙarshe ɗaya, kuma basirar na farko ta tashi a banza. Masu cewa ƙarin lokaci adalci ne ga yaro mai rauni sun manta cewa zalunci ne ga yaron da ya wahalar da ƙwaƙwalwarsa. Sun kuma cuci shi mai raunin, domin sun hana shi dalilin da zai sa ya tambayi abokinsa: kai yaya kake yi?

Waɗanda suka fara buga wasan a takarda sun san da haka. A wani tsari da aka sayar a Amurka a 1931 da sunan Salvo, ana harbi ne rukuni rukuni, kuma a dokar da ta yaɗu da wannan suna, yawan harbin ɗan wasa yana raguwa gwargwadon jiragensa da suka nutse. Wato duk asara tana da farashi nan take. Ba a ƙirƙiri wasan don a kai ga ƙarshe ko ta halin ƙaƙa ba. An ƙirƙire shi don a ga wa zai kai da ƙarancin ɓarna.

Wasan manyan hafsoshi

Wani zai ce wannan duk maganar takardar yara ce. To a duba inda wasan ya zama sana'a. Tun 1824, lokacin da wani hafsan Prusiya mai suna Georg von Reisswitz ya gabatar wa manyansa wasan yaƙi a kan taswira, an tsara shi ne bisa agogo: kowane zagaye yana matsayin minti biyu na fagen fama, kuma akwai alƙali wanda ba ya cikin kowane ɓangare. Sojojin ruwa sun ɗauki wannan dabara daga baya. Makarantar yaƙin teku ta Amurka da ke Newport, wadda aka kafa a 1884, ta mai da irin wannan wasa ginshiƙin karatunta, kuma a Ingila Fred Jane ya fito da nasa tsarin a 1898. Labarai uku daga wannan tarihi sun isa hujja.

Na farko daga Japan. A farkon watan Mayu na 1942, a cikin babban jirgin yaƙi Yamato, hafsoshin Japan suka zauna gwada shirin kai hari tsibirin Midway a kan tebur. Kamar yadda Fuchida da Okumiya, hafsoshi biyu na rundunar, suka rubuta bayan yaƙin, an jefa ƙwayoyin ƙuri'a irin na ludo don a san sakamakon harin jiragen saman Amurka, sai ƙuri'a ta ba da bama-bamai tara, ma'ana manyan jiragen dakon jiragen sama biyu, Akagi da Kaga, sun nutse. Admiral Ugaki Matome, wanda ke shugabantar wasan, ya ce bai yarda ba. Ya mai da tara uku, Akagi ya tsira da ɗan rauni. Kaga kuwa, da aka ce ya nutse, sai ga shi ya sake bayyana a kashi na gaba na wasan kamar ba abin da ya faru. Masana tarihi na baya sun yi wa Ugaki uzuri ta wani gefe: irin jiragen saman da aka yi ƙuri'ar a kansu, masu jefa bam daga can sama, ba su sami ko jirgi ɗaya ba a yaƙin gaske. Amma uzurin bai wanke shi ba. Wasan ya ɗora wa hafsoshin tambaya mai nauyi, wato me za a yi in abokan gaba suka ɓullo daga gefen da ba a zata ba, su kuwa suka share tambayar domin shirin ya ci gaba yadda suke so. Ranar 4 ga Yuni 1942 tambayar ta dawo da kanta. Akagi, Kaga, Soryu da Hiryu, huɗu rigis, suka tafi ƙarƙashin teku, kuma babu alƙalin da ya iya tsamo su.

Na biyu daga Amurka, shekara sittin bayan haka. Daga ƙarshen Yuli zuwa tsakiyar Agusta na 2002, rundunar Amurka ta gudanar da atisayen Millennium Challenge, wanda ya ci dala miliyan 250 kuma ya haɗa mutum kimanin 13,500. Aka ba wani janar mai ritaya, Paul Van Riper, jagorancin ɓangaren abokan gaba, wata ƙasa da aka ƙaddara a yankin Tekun Fasha. Da ya san ana sauraren rediyonsa, sai ya riƙa aika saƙo da masu babur. Ya haɗa ƙananan kwale-kwale da makamai masu linzami ya afka wa rundunar tun a kwanakin farko. Na'urar lissafin wasan ta nuna jirage 16 sun nutse, har da jirgin dakon jiragen sama. Da a ce gaske ne, da rayuka sama da 20,000 sun salwanta. Me shugabanni suka yi? Suka tsayar da wasan, suka tada jiragen, suka sake farawa, suka kuma gindaya wa Van Riper sharuɗɗan da suka ɗaure masa hannu. Ya ajiye jagorancin don nuna rashin yardarsa. Hujjar masu shiryawa ita ce an tara dubban sojoji da kayan aiki, ba za a sallame su kwana biyu da farawa ba. Wannan hujja tana da ƙamshin gaskiya, kuma da sun rubuta cewa zagaye na farko an ci su, sannan suka buɗe sabon zagaye da dokoki iri ɗaya ga kowa, da babu abin zargi. Laifin shi ne ci gaban da aka tsara don ya haifar da nasarar da ake so.

Na uku shi ne akasinsu. A farkon 1942, lokacin da jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus ke hallaka jiragen dakon abinci da makamai a Tekun Atlantika, Ingila ta buɗe wani ƙaramin sashe a Liverpool ƙarƙashin Gilbert Roberts, tare da wasu ƴan mata na rundunar ruwa. Filin wasansu daɓen ɗaki ne, kayan aikinsu alli da zare da ƴan guntayen katako. Kyaftin-kyaftin ɗin da suka zo horo ana tsayar da su bayan labule, suna leƙe ta ƴar kafa, don kada su ga fiye da abin da mutum ke gani daga kan jirgi. Kuma kowane zagaye minti biyu ake ba su su yanke shawara. Ba a ƙara wa kowa daƙiƙa saboda girman muƙaminsa. Har babban kwamandan yankin, Admiral Max Horton, wanda ya yi suna a tuƙin jirgin ƙarƙashin ruwa, ya sha kaye a hannun wata budurwa daga cikinsu mai suna Janet Okell; bai ce a sake lissafi ba, ya amince da dabarar da aka ci shi da ita ta shiga cikin umarnin rundunar. Kafin yaƙin ya ƙare, hafsoshi kusan 5,000 sun bi ta wannan ɗaki. A watan Mayu na 1943 Jamus ta janye jiragenta daga arewacin Atlantika saboda yawan asara. Dalilan wannan nasara suna da yawa, akwai na'urori da jiragen sama da fasa asirin saƙonni, amma ɗakin alli yana cikinsu.

Ɗakuna uku, wasa iri ɗaya. A biyu an ƙi jin abin da wasan ya faɗa, a ɗaya an saurara.

Inda taswira ta ƙare

Akwai wani dalili kuma da masu son ƙari ba sa dubawa. Kowane wasa kwaikwayon duniya ne, kuma mai tsara shi ya san inda kwaikwayon ya tsaya. A wasannin kwamfuta na zamani abin ya fi fitowa fili. Akwai wani mai suna Rule the Waves da ya fito a 2015, inda ɗan wasa ke zama shugaban rundunar ruwa ta wata ƙasa, yana tsara jirage yana rabon kasafi, daga shekarar 1900 zuwa 1925. Me ya sa 1925? Domin wasan an gina shi ne a kan zamanin manyan jirage masu igwa, kuma ba a sa jiragen dakon jiragen sama a cikinsa ba. Wanda ya ja wasan ya wuce wannan iyaka zai ci gaba da ƙera manyan jirage yana cin yaƙi da su a shekarun da, a duniyar gaske, jirgin sama ya riga ya karya darajarsu. Yamato ɗin nan da aka yi wasan Midway a cikinsa, jirgin yaƙi mafi girma a zamaninsa, jiragen sama ne suka nutsar da shi a watan Afrilu na 1945. Ɗan wasan yana jin shi gwani ne, alhali darasin ƙarya yake haddacewa. Da masu wasan suka so su kai labarin gaba, ba lambar shekara kawai suka goge ba. Sai da suka sake gina shi, suka sa jiragen sama, daga baya makamai masu linzami, har fitowa ta uku a 2023 ta ɗauko daga 1890 zuwa 1970.

Haka nan a 2012 duniya ta ji labarin wani mutum da ya shafe shekara goma yana buga wasa guda na Civilization II. An tsara a rufe ƙidayar maki a shekarar 2020 ta cikin wasan, shi kuwa ya kai 3991. Abin da ya samu: ƙasashe uku da ke yaƙin da ba ya ƙarewa, ƙasa ta zama fadama da guba, birane na yunwa, babu mai iya cin wani. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin duba na makomar ɗan Adam. Ba duba ba ne. Keke ne da aka ci gaba da murzawa bayan hanya ta ƙare.

Mafi muni shi ne abin da ke cikin wayoyin hannu da suka shiga kowane ƙauye. Da yawa daga wasannin da ake saukewa kyauta an gina kasuwancinsu ne a kan wannan rauni na ɗan Adam. Lokaci ya cika, jirginka ya nutse, sai allo ya tambaye ka: kana son ci gaba? Kalli talla, ko ka biya. Iyakar da a dā take auna basira yanzu ta zama shingen karɓar kuɗi. Darasin da yaro ke ɗauka a nan shi ne wa'adi na talaka ne, mai abin hannu yana sayen ƙari. Malamin da ya ƙara wa wanda aka ci harbi goma a aji, ko ya sani ko bai sani ba, wannan darasin yake maimaitawa.

Abin da gargajiya ta riga ta sani

Masu goyon bayan ƙari sukan fake da al'ada, su ce agogo da ƙararrawa kayan Nasara ne, Bahaushe ba ya wasa da minti. Gaskiya ne dattawan da ke dara a gindin bedi ba su da agogo. Amma wa ya ce dara ba ta da iyaka? Gurbi 30 ne, kowa da ƴaƴa 12, duk wanda ya jera uku ya cire ɗan abokinsa, kuma in ƴaƴan mutum suka kasa jera uku, magana ta ƙare. Iyakar tana cikin ƙirar wasan. A gwada cewa a mayar da ɗan da aka ci, a ga irin dariyar da za a sha a dandali. Wanda aka ci yana share gurabu ne, a sake zubi. Tatsuniya tana da lokacinta, da dare, tana kuma da ƙurunƙus ɗinta. Tashe yana da kwanakinsa a cikin azumi, ba wanda ke yin sa bayan salla. Kokowa, wadda ta zama gasar ƙasa tun daga Tawa a 1975, tana da alƙali da usur da agogo, kuma ɗan kokowar da bayansa ya taɓa ƙasa ba ya tashi ya ce a ci gaba domin bai shirya ba. Yana jiran baɗi. Darajar takobin tana zuwa ne daga wannan jira.

Fiye da duka, akwai damina. Manomin Urafan ya fi kowane admiral sanin wa'adi. Ruwan kirki wata uku ne zuwa huɗu, tsakanin Yuni da Satumba, wani lokaci ma bai kai ba. Wanda ya makara da shuka, ko ya bar noman farko ya wuce shi, babu ofishin da zai kai kuka a ƙara masa sati biyu. Shi ya sa ake neman irin hatsi mai saurin nuna, shi ya sa ake gayya, shi ya sa ake fita gona tun da asuba. Dukan hikimar noma a wannan ƙasa hikimar aiki ce a cikin ƙayyadadden lokaci. Ɗan manomi da aka koya wa a makaranta cewa iyaka abin ciniki ce, an raba shi da mafi tsadar abin da ubansa ya sani.

A nan ya kamata a bambance abu biyu, don kada a yi wa wannan raddi mummunar fahimta. Ƙarin lokaci da aka rubuta cikin doka tun kafin a fara, kamar minti talatin na ƙwallon ƙafa in an yi kunnen doki a wasan fitar da gwani, ba laifi ba ne. Shi ma iyaka ce, kowa ya san ta, ta hau kan kowa. Haka nan in an ƙirga, an rubuta wanda ya ci, sannan yara biyu suka ce bari mu ƙarasa don mu ga inda ka ɓoye ƙaramin jirgin, wannan neman sani ne, abin yabo ne. Ƙarin da ake yaƙa shi ne wanda ake nema a tsakiyar wasa, bayan an ga inda sakamako ya dosa, daga bakin wanda zai amfana da shi. Mafi haɗari kuma shi ne idan mai neman ƙarin shi ne ke riƙe da usur.

Sunan abin a Hausa

Mutanen Nijar ba sa bukatar a fassara masu wannan. Suna da kalmarsa: tazarce. Tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa wa'adi biyu na shekara biyar biyar, ya kuma hana a taɓa wannan ƙa'ida. Wa'adin Shugaba Tandja Mamadou na biyu zai cika ranar 22 ga Disamba 2009. Magoya bayansa suka ce a ƙara masa shekara uku ya ƙarasa manyan ayyuka: madatsar Kandaji, gada ta biyu a Yamai, matatar mai ta Damagaram, ma'adinin Imuraren. Ayyukan na gaske ne, kuma mutumin yana da farin jini na gaske a karkara. Ba wanda zai musa. Amma Kotun Tsarin Mulki, ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazèye, ta ce ƙuri'ar raba gardamar da ake shiryawa ta saɓa doka. An rusa majalisar dokoki a watan Mayu, an rusa kotun a ƙarshen Yuni, aka yi ƙuri'ar ranar 4 ga Agusta, aka bayyana cewa sama da kashi 92 cikin ɗari sun amince. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta dakatar da Nijar a watan Oktoba. Ranar 18 ga Fabrairu 2010 sojoji suka shiga fada. Shekara uku aka nema, kwana 58 aka samu. Hausawa suka ce dara ta ci gida.

Ba a ce wasan bayan kaye ne ya haifi wannan ba; faɗin haka wauta ce. Amma hujjar ɗaya ce tak, daga benci har fada: ban gama ba, saura kaɗan, ai kowa na so a ci gaba. Kuma mutanen da suka yi ta tafi a 2009, da waɗanda suka tsaya suka ce a'a, duk sun taɓa zama yara a wani aji, gaban wani malami. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A maƙwabciya Nijeriya, majalisar dattawa ta yi watsi da yunƙurin wa'adi na uku a watan Mayu na 2006, domin an sami isassun mutane a cikin zauren da suka yarda cewa ƙararrawa ta kaɗa.

Abin da ya rage ga malamai da ƙungiyoyi

Ba a ce a hana wasan ba. Hasali ma a fito da shi daga ɓoye, a hau da shi allo. Yana koyar da karatun harafi da lamba a kan fili, wanda shi ne tushen karatun taswira da zanen lissafi. Yana buɗe ƙofar ilimin yiwuwa ba tare da tsoratar da yaro ba. Ba ya cin ko dala. Ana iya buga shi da Hausa tsantsa, a ce ruwa, a ce na taɓa, a ce ya nutse, a kuma sa yara su rubuta dokokinsa da harshensu, wanda shi kansa darasin rubutu ne mai kyau.

Amma da sharuɗɗa. A rubuta iyaka a allo kafin harbin farko, harbi hamsin ko minti ashirin, kuma alli kada ya sake taɓa wurin. Mai riƙe da agogo kada ya kasance cikin masu wasa, kada kuma ya zama abokin ɗayansu na kusa. Kowa ya ba alƙali kwafin inda ya ajiye jiragensa, domin a toshe ƙofar jirgi na shida. In lokaci ya cika a ajiye bik, ko da saura gida ɗaya a nutsar da babban jirgi. Wannan zafin da yaro zai ji shi ne karatun. Sannan a ba wanda aka ci dama ya faɗi abin da zai sauya, a ba wanda ya ci dama ya bayyana dabararsa, a zana sabon fili. Tausayin gaske ga yaron da ya faɗi shi ne a ba shi sabon wasa gobe. Jan na yau har ya ci ba tausayi ba ne, yaudara ce, kuma ranar BEPC mai tsaron jarrabawa zai karɓe takarda ko an gama ko ba a gama ba.

Ƙungiyoyin al'adu kuwa suna da aiki a gabansu. Dokokin dara, langa da sauran wasannin dandali suna cikin kawunan dattawa, kuma dattawan suna tafiya. A zauna da su a Urafan, a Tasawa, a Mayahi, a rubuta, musamman a rubuta yadda kowane wasa yake ƙarewa da abin da wanda aka ci yake yi. A can ne tarbiyyar take. Al'ummar da ta iya koya wa ƴaƴanta su share gurbi su sake zubi cikin fara'a ta tanadi shugabannin da za su iya miƙa makulli ranar da wa'adi ya cika.

Rana ba ta ƙarya, in ji masu iya magana, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Allah ya sa malamai su riƙe agogon da amana.